Ba Birki da Butar Ƙarfe

Ba Birki ake ce masa, ko da yake a duk shekarun da ya yi yana jan tirelar kamfanin siminti bai taɓa buge ko akuya ba. Ba tuƙinsa ne ya jawo masa sunan ba, halinsa ne. Mutum ne da ba ya iya shan shayi a zaune. In yana magana da kai, ƙafa ɗaya tana wajenka, ɗayar ta riga ta kama hanya. Abokan aikinsa kan ce a cikin mota kaɗai jikinsa ke yarda ya natsu, shi ma don ƙasa na gudu a ƙarƙashinsa ne.

Gajere ne mai faɗin ƙirji, da damatsa irin na maƙera, furfura ta fara cin gemunsa. Ya haura hamsin da biyar lokacin da kamfani ya kawo likitan ido ya duba direbobi. Aka sa shi ya leƙa cikin wani akwati, aka ce duk sanda ya ga ɗigon haske ya danna maɓalli. Da idon dama ya yi ta dannawa ba kuskure. Da aka koma na hagu sai ya yi ta jira, haske bai zo ba. Ya ɗago kai ya ce wa likitan injinsa ya lalace. Likitan bai yi dariya ba. Ya ce jijiyar idon ce ke mutuwa a hankali, ta riga ta cinye gefen ganinsa, kuma abin da ta ci ba ya dawowa. Aka sallame shi cikin mutunci, aka ba shi takardar yabo, aka karɓi makulli.

Matarsa malamar firamare ce, shi ma Malama yake ce mata kamar kowa. Ta saba da miji mai zuwa ya kwana ya wuce, yanzu ga shi an sauke mata shi gaba ɗaya kamar lodin da ba ta yi oda ba. A makon farko ya kwance fankar falo ya wanke ya mayar, ta koma ƙara. Ya canza wa gado wuri, ya duba, ya mayar da shi inda yake. Ya kwance famfon kicin da ba ya ɗiga, ya fara ɗiga. In Malama ta zauna duba aikin ɗalibai, sai ya tsaya a kanta yana karanta amsoshin yara da ƙarfi yana gyara musu.

"Maigida, don Allah ka zauna."

"Ai a zaune nake."

"A tsaye kake. Ga kujera can tana kallonka."

'Yarsu ta fari nas ce a babban asibiti, tana aure a unguwar da ke bayan tasu. Wata rana ta biyo da kayan awon jini ta ɗaura masa a hannu, ta ɓata fuska.

"Baba, wannan lambar ba ta yi mini ba. Ka riƙa fita kana taka ƙasa kullum."

Kamar igiya ta kwance masa. Ya shiga gari da ƙafa, ya bi layin da bai taɓa sanin da shi ba, ya san duk wani rami da ke titin unguwa. Amma ko ina ya nufa, sai ƙafa ta kai shi gadar babban titi, ya tsaya yana kallon tireloli suna wucewa, yana jin yadda yaran zamani ke azabtar da giya, yana tsaki shi kaɗai.

Wata la'asar yana bin layin masu walda sai ya ji wani sauti daga cikin wani tsohon sito: numfashin mutane da yawa yana fita tare, huf, huf, kamar babban inji. Ƙofa a buɗe take, shi kuma bai taɓa iya wuce buɗaɗɗiyar ƙofa ba. Ya leƙa. An shimfiɗa tsohuwar roba a ƙasa, ga madubi mai tsagewa a bango, ga ƙaton agogo, ga bokitin garin alli a kusurwa. Mutane ne maza da mata, kowa tsaye a wurinsa, kowa yana shilla wani curin ƙarfe mai mariƙi, daga tsakanin ƙafafu zuwa saman kai. Ba mai gudu, ba mai tsalle, ba mai matsawa ko taku ɗaya, amma gumi na zuba kamar an watsa musu ruwa.

Wani siririn mutum mai ɗingishi ya zo wajensa. Shi ne Koci, tsohon malamin motsa jiki, mai magana ƙasa-ƙasa kamar kullum akwai mai barci a kusa.

"Sannu, Kawu. Nema ake ko kallo?"

"Mene ne wannan abin?"

"Ketilbel sunansa, amma ba mai wahalar da bakinsa a nan. Buta muke ce mata, ka ga ai sun yi kama. Gasa ake yi da ita. Ka shilla ta, ka fizgo ta sama da kai, hannu ya miƙe, ta tsaya cak, alƙali ya ƙirga ɗaya. Ka sauko da ita ka sake. Sau ɗaya tak aka yarda ka canza hannu. In ta taɓa ƙasa, ka gama. Minti goma ake yi."

"Minti goma kawai?"

"Kawai," in ji Koci.

Butocin suna jere a gindin bango, girmansu ɗaya, launi ne ke nuna nauyi. Ba Birki ya tuna tayoyin tirela da ya sha cirewa shi kaɗai a tsakiyar daji, ya wuce ƙananan ya cafki koriya. Koci bai hana shi ba, ya dai matsa gefe. Da ƙarfin tsiya ya kai ta sama, ta juyo ta maka masa a bayan hannu har ya ji a haƙori. Ya sake, ta sake. Kafin dogon hannun agogo ya zagayo, ƙirjinsa ya ɗauki wuta, ya dire ta dim, ya dafa gwiwa yana haki. A gefensa wata 'yar firit ɗin mata mai sayar da magani tana ta fizgar tata, fuskarta kamar mai sauraron rediyo.

Wani ƙato mai gari a gashin kai, wanda duk wurin ke kira Mai Burodi, ya ƙyalƙyale da dariya.

"Sannu da zuwa, ɗan'uwa! Ni ma haka ta gaishe ni ranar farko. Ba ta da kunya."

Koci ya ɗauko mafi sauƙi a cikin jerin, mai ruwan hoda, ya ajiye masa a gaba.

"Gobe ka zo da wando mai sakewa. Da wannan za mu fara."

Da ya ba Malama labari, ta ajiye biro ta dube shi ta saman tabarau.

"Buta? Wadda ba ta cin ruwa?"

"Ƙarfe ce zalla."

"Kuma mai ruwan hoda suka ba ka."

"Na wucin gadi ne."

"Allah ya ba da sa'a. Ko ba komai famfona zai huta."

Nas ba ta tsaya wasa ba. Ta ja shi wurin likitan ido, aka tambaya. Likita ya ce ya ɗaga, muddin ba zai riƙa danne numfashi yana yunƙuri ba, kuma kada ya yi wasa da maganin ɗigawa a ido.

Ya zaci a mako guda za a sake shi ya fara fizga. Ina! Koci ya tsayar da shi a kan shillo kawai: gaba, baya, gaba, baya, buta ba ta wuce ƙirji. Ya ce masa hannu igiya ne kurum, ƙugu ne ke aiki. Ya ce ya daina matse mariƙi kamar wanda zai shaƙe kaza, ya rataye ta a yatsu. Ya ce ya saki numfashi. Ba Birki yana yi yana kallon agogo, yana kallon Mai Burodi da rawayar butarsa, yana kallon ƙofa.

"Koci, yaushe za mu shiga ainihin abin?"

"Muna cikinsa, Kawu."

"Wannan ai lilo ne na yara."

"To yi lilon da kyau."

Haƙurinsa bai je ko ina ba. Ya bi ta wurin wani mai walda da wani tsohon ƙarfen injin mota, ya sa aka lanƙwasa rodi aka manna masa a kai. Abin ya fito kamar buta da ta yi hatsari, ya fi rawayar nauyi, mariƙinsa kuma da kaushi kamar zarto. Ya ɓoye shi bayan tankin ruwa a tsakar gida. Da Malama ta fita makaranta sai ya jawo shi, ya yi ta fizga yadda ya ga ana yi, ba mai ce masa ƙugu, ba mai ce masa numfashi. Tafin hannunsa ya yi ƙulli-ƙullin ruwa, ya sa tsumma ya ɗaure ya ci gaba.

Wata safiya fatar ta yage gaba ɗaya a tsakiyar shillo. Yatsu suka buɗe da kansu, ƙarfen ya tashi kamar an harba shi, ya daki gindin tanki. Famfon tankin ya yi tsalle ya bar wurin. Ruwa ya ɓalle. Ba Birki ya toshe da hannu, hannu na jini, ya toshe da riga, riga ta jiƙe, ya ruga neman bokiti, ya dawo ya tarar takalman gidan duka suna iyo zuwa ƙofa. A haka Malama ta same shi da ta dawo, tsaye cikin taɓo, ba riga, yana ɓoye hannuwa a baya kamar ɗan aji ɗaya.

Ta ɗage zane, ta tsallaka, ta ɗauki waya ta kira 'yarta.

Nas ta wanke ciwon da maganin da ke da zafi, kuma ba ta yi ƙoƙarin sassautawa ba.

"Baba, da mara lafiyana ne ya yi haka, da na kai ƙararsa wurin 'ya'yansa. Kai wurin wa zan kai?"

"Ƙaramin abu ne."

"Tankin ma haka ya ce?"

Da ya je sito, Koci ya juya hannuwan ya duba bandejin.

"Ba ka taɓa buta sai sun warke. Amma ka riƙa zuwa. Ka zauna a bencin can ka kalli yadda ake sa hannu."

Zama a benci! Ba Birki ya gwada. Gwiwarsa ta yi ta rawa har bencin na ƙara. Ya tashi ya gyara jeren butoci, aka ce ya koma. Ya tashi ya share alli, aka ce ya koma. A zuwa na gaba abin ya ƙure masa, ya miƙe a tsakiyar horo.

"Ni ba kallo na zo yi duniya ba. Ina tuƙa tirela kana rarrafe, yanzu ka dasa ni a benci kamar kayan da ba a zo ɗauka ba?"

Koci ya ce, "Ƙofa a buɗe take, Kawu, shiga da fita." Ba Birki ya zaɓi fita.

A wannan makon ne wani tsohon abokin aikinsa ya raɗa masa cewa akwai mai kamfanin ruwan roba da ke neman direban ƙaramar motar kaya, kuma ba ruwansa da gwajin ido. Bai gaya wa kowa a gida ba. Ya yi wanka, ya sa rigar da ya fi so, ya tafi. Mai ruwan ya miƙa masa makulli ya shiga gefensa don su zaga ya ga hannunsa.

Da inji ya tashi, wani abu da ya daɗe a ɗaure a ƙirjinsa ya kwance. Sitiyari ya zauna a hannunsa duk da bandeji, giya na shiga kamar ana shafa mata mai. Mai ruwan ya gyara zama ya ce lallai an ce masa gwani ne, ya ga alama. Suka wuce kasuwa, suka wuce asibiti. A wata mahaɗa ya duba madubi, ya kunna sigina, ya karya hagu.

"Keke! Keke!"

Ƙafarsa ta riga kunnensa, mota ta tsaya cak. Wani abu ya goge jikinta, ƙiii. Ya juya kai gaba ɗaya, sai ga mutum a kan keke, da kiret ɗin ƙwai ɗaure a baya, ƙafa ɗaya a ƙasa, hannun keken manne da ƙofar mota. Ko ƙwarzane bai yi ba, ƙwai ma ba su fashe ba. Ya zazzaga masifa ya ja kekensa ya wuce.

"Rabu da su, haka masu keken nan suke," in ji mai ruwan yana share gumi. "Ka fara gobe."

Ba Birki ya bi bayan mai keken da kallo. Ba wai ya makara da ganin mutumin ba ne. Bai gan shi ba sam. A inda mutum yake, da kekensa da ƙwansa da ransa, shi titi ya gani fayau. Ya gangara gefe a hankali, ya kashe mota, ya zare makulli ya ɗora a tafin mai ita.

"Nemi wani, ranka ya daɗe."

Da ƙafa ya koma gida, bai bi ta gada ba. Ya sami Malama a kicin tana yanka albasa, ya tsaya a bakin ƙofa ya faɗa mata komai, tun daga rigar da ya sa har zuwa ƙwan. Wuƙar ta tsaya. Ya jira faɗa, faɗa bai zo ba. Ta daɗe tana kallon albasar, sannan ta goge ido da bayan hannu.

"Hannun ya warke?"

"Ya kusa."

"To ka koma wurin bawan Allahn nan ka ba shi haƙuri. Titi ya gama da kai, ni kuma ba zan iya da kai ni kaɗai ba."

Ya koma. Ya shirya doguwar magana a hanya, amma da ya fara, Koci ya ɗaga hannu, ya laluba aljihu ya miƙa masa wani ɗan dutse mai kaushi.

"Ka riƙa goge kantar hannu da shi bayan wanka, kada ta yi tudu ta sake yagewa. Ɗauko mai ruwan hodar."

Kada a ce ya canza hali, bai canza ba. Yana shillo yana mita. Sai dai yanzu in ya gama mitar yana yin abin da aka ce. Da Koci ya lura idonsa ba ya barin agogo, sai ya juya shi ya fuskanci bango, ya bar shi da tsagewar siminti da numfashinsa. A can ne wata rana abin ya faɗa masa. Ya tura ƙugu, butar ta taso da kanta ba nauyi, hannunsa ya zura cikin mariƙi kamar cikin hannun riga, ta kwanta a bayan damtse ba ƙara ba duka. Ya tsaya da ita a sama, baki buɗe.

"Koci! Ka gani?"

"Na gani. Saura ka yi dubu irinta."

Daga ruwan hoda ya hau shuɗiya, ya daɗe a kanta har ya fara zargin an manta da shi, sannan aka ba shi rawaya. Wandunansa suka yi masa yawa. Nas ta auna jini ta ce to, yanzu an fara magana. Mai Burodi ya zama abokin hamayya, suna tsayawa kafaɗa da kafaɗa suna tsokanar juna da ragowar numfashi.

"Direba, ka ƙone kuloci!"

"Kai dai kula da tandarka, na ji ƙauri."

Da aka sanar da gasa a zauren wata makarantar sakandare a ɗaya gefen gari, Ba Birki ne ya fara ba da suna, a rukunin sababbin shiga da suka haura hamsin. Koci ya zaunar da shi, ko kuma a ce ya tsayar da shi wuri ɗaya, ya ja masa kunne.

"Ƙarfi kana da shi. Abin da zai kashe ka gaggawa ce. Ka tafi a hankali, kada ka canza hannu sai an raba lokaci biyu. Ka ji?"

"Na ji."

"Ka ji, ko ka ji?"

Ranar gasa tun kafin a buɗe zaure yana bakin ƙofa. Aka auna nauyinsa, aka ba shi lamba. An jera katakai a gaban dandamali, kowanne da alƙali zaune a gabansa da allon ƙirga. Ya zaga zauren, ya leƙa banɗaki, ya shafa alli, ya wanke, ya sake shafawa. Malama da Nas suna layi na biyu. Malama ta zo da jakar aikin ɗalibai, wai ko abin zai gundure ta.

Su huɗu ne a rukuninsu. A kujerar jira ya ga wani dattijo siriri, ya ba saba'in baya, tsohon ma'aikacin gidan waya, ya harɗe hannu a ƙirji yana gyangyaɗi. Ba Birki ya taɓa Mai Burodi.

"Wannan rakiya ya yi?"

"Da shi za ka kara. Da tsufansa ya fara, kamar kai."

Sai da aka kira lambarsa sau biyu dattijon ya farka, ya tako a hankali ya hau katakon da ke hagun Ba Birki.

Aka busa usur. Duk abin da Koci ya faɗa ya bi iska. Ihun mutane ya shiga kansa, rawayar ta zama kamar auduga, ya dinga jefa ta sama yana fizgowa kamar ana binsa. Ya ji alƙali ya daina ƙirga.

"Ba a ƙirga ba! Tsayar da ita a sama!"

Ya sake.

"Ba a ƙirga ba!"

"Kawu, sassauta!" Karo na farko ke nan da aka ji Koci ya ɗaga murya.

Kafin ya sassauta, aikin gama ya gama. Hannun dama ya ƙone, yatsu suka fara zamewa, dole ya jefa ta hagu tun lokaci bai kai rabi ba. Yanzu hannu ɗaya ya rage masa, mai rauni, ga doguwar tafiya a gaba. Kuma a hagu ba ya ganin komai. In butar ta hau sama sai ta ɓace masa, sai dai ya ji nauyinta. Zufa ta shiga idon kirkin. Ƙafafunsa suka ce a ajiye a tafi, kamar yadda suka saba ce masa duk rayuwarsa.

A cikin wannan duhun na hagu ya ji numfashi. Huf. Shiru. Huf. Dattijon ne, ba ya sauri ba ya jinkiri, kamar mai tafiya kasuwa da ya san ba za a tashi ba sai ya je. Ba Birki bai gan shi ba, amma ya kama sautin ya rataya a jikinsa. In dattijo ya huce, shi ma ya tura ƙugu. In dattijo ya yi shiru, shi ma ya tsayar da ita a sama ya sha iska. Alƙali ya koma ƙirga, ɗaya bayan ɗaya, ba fashi. Wata murya tana ta ƙwala ihu daga layi na biyu, "Riƙe ta, Maigida! Riƙe ta!" Bai taɓa sanin Malama na da irin wannan maƙogwaro ba.

Aka sanar saura minti ɗaya. Ƙaramin yatsa ya saki. Na kusa da shi ya bi. Ya rataye ta a kan biyu, ya kai ta sama, ya sauko, ya sake kaiwa da ƙyar. A saukowa ta gaba ta zare kamar kifi, ta daki katako, ta gangara gaban alƙali. Bai gama miƙewa ba aka busa usur.

Ya sauka daga katakon ya kama zagaye bayan zaure, hannuwa a buɗe kamar ba nasa ba, fatar tafin ta sake yagewa, yana faɗa da kansa.

"Kaɗan ya rage! Numfashi uku! Da na riƙe!"

Nas ta bi shi da auduga tana cewa ya tsaya, bai tsaya ba, sai da ta sha gabansa ta damƙe wuyan hannun. Koci ya ɗingiso ya tsaya kusa.

"Rabin farko ka yi hauka," ya ce. "Rabi na biyu ka ɗaga buta."

Na uku ya zo cikin huɗu. Dattijon ne ya ɗauki na ɗaya, da tazarar da ba ta da daɗin faɗa. Ba Birki ya same shi a kujera yana ɓare lemo da farce.

"Yaya, barka. Numfashinka na ara, ban nemi izini ba."

"Na ji ka, ƙanena. Da farko na zaci gobara ce ta tashi a damana." Ya miƙa masa ɓarin lemo, ya ga hannun ba zai iya karɓa ba, ya ajiye masa a gwiwa. "Ina da buta biyu a gida, ɗaya na nan tana tsatsa. Ka riƙa zuwa muna yi tare."

"Yau?"

Dattijon ya yi dariya har da tari.

"Bari fata ta rufe tukuna."

Fata ba ta gama rufewa ba ya je. Mota biyu ake hawa zuwa unguwar dattijon, kuma tun daga lokacin ba ya fashi, ban da ranakun sito. Suna yi a ƙarƙashin rumfar bayan gida, dattijo a hagu, shi a dama. A gasar da ta biyo baya ya kai ƙarshen minti goma butar na hannunsa, ya zo na biyu. A ta bayanta ma na biyu. Har yanzu bai ci dattijon ba, kuma abin na cinsa. Kwanan baya ya tambaye shi, cikin ladabi, ko yana tunanin yin ritaya daga gasa, saboda shekaru.

Dattijon ya shafa alli a tafinsa, ya busa ragowar.

"Ina tunani," ya ce. "Ɗauki butarka."